Simone Veil: Bayahudiyar da ta tsira daga Auschwitz

Simone Veil (1927–2017) Bayahudiya ce 'yar Faransa da ta kuɓuta daga sansanonin gwale-gwale na 'yan Nazi a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa ke kira Yaƙin Hitila. Lokacin da sojojinmu na barikokin Kaduna da Zariya ke dazukan ƙasar Bama, ita tana tsare a Turai.

An haife ta a birnin Nice, sunan gidansu Jacob. A ƙarshen Maris 1944 'yan sandan ciki na Jamus suka cafke ta tana shekara 16. Daga sansanin Drancy aka cusa ta a taragon dabbobi tare da mahaifiyarta Yvonne da yayarta Madeleine, suka isa Auschwitz-Birkenau ranar 15 ga Afrilu. A bakin dogo ake tantancewa: yara da tsofaffi a wuce da su ɗakin gas, masu ƙarfi kuwa a kai su aikin bauta. Wani fursuna ya raɗa mata ta ce shekararta 18, ta faɗi haka, aka bar ta da rai. Aka yi mata zanen lamba 78651 a hannu.

Wata mai kula da fursunoni ta nemi ta mayar da ita sansanin Bobrek, inda wahalar ta ɗan yi sauƙi. Yarinyar ta ce ba za ta tafi ba sai da uwarta da yayarta. Abin mamaki, aka yarda.

A Janairun 1945, da sojojin Rasha suka matso, aka kora fursunoni a ƙafa cikin ƙanƙara, daga bisani aka kai su Bergen-Belsen. Can zazzaɓin taifus ya kashe Yvonne a watan Maris, saura wata guda sojojin Birtaniya su buɗe sansanin ranar 15 ga Afrilu. Mahaifin Simone, André, da wanta Jean, da aka tura yankin Baltik, ba su dawo ba.

Bayan yaƙin, Simone ta karanta shari'a, ta yi aiki a hukumar gidajen yari, inda ta tsaya wa fursunonin Aljeriya. Ta zama ministar lafiya a 1974, ta jagoranci dokar halatta zubar da ciki da ta jawo ce-ce-ku-ce, sannan ta shugabanci Majalisar Turai daga 1979 zuwa 1982. Ta rasu ranar 30 ga Yuni 2017. A 2018 aka mayar da gawarta Panthéon, makwancin manyan Faransa.