Hamza da Manhajar Rubuta Umarnin Kwamfuta

Tsarin ASCII na 1963 gurabe 128 kacal ya tanada, don haka alama guda kan ɗauki aiki biyu. Alamar ' da muke sa wa hamza ita ce ke buɗe zance, ta kuma rufe shi, a harshen Pascal na 1970. Idan manhajar rubutu ta ci karo da ita cikin kalmar jami'a, sai ta ɗauka zancen ya ƙare, sauran layin ya rikice. Pascal ya magance wannan ta ninka alamar. Harshen C na 1972 kuwa kan gabatar da karan \. Unicode ta shigar da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a 1991, amma har yau hamza na buƙatar wannan kariya.