Dalilin da ya sa ake sabunta rigakafin murar infuluwenza kowace shekara

Allurar rigakafin ƙyanda da aka samar tun shekarun 1960 har yau tana aiki, amma ta murar infuluwenza sai an sake duba haɗinta kowace shekara. Dalili kuwa shi ne ƙwayar bairus ɗin da ke haddasa wannan mura tana sauya kamanni ba tare da ta rasa ƙarfinta ba.

Bayanan halittar ƙwayar a rarrabe suke kashi 8. Idan ta shiga hanci ko maƙogwaro sai ta riƙa kwafe su domin hayayyafa, sai dai sinadarin da ke wannan kwafi ba ya waiwayar aikinsa balle ya gyara kuskure. Yawancin kurakuran na raunana ƙwayar ko su kashe ta. Amma jefi-jefi wani kan faɗa a kan sinadaran da ke bayanta, musamman hemagulutinin, wanda take maƙalewa da shi a jikin mutum, kuma shi ne garkuwar jiki ke gane ta da shi. Da zarar ya sauya, garkuwar da rigakafin bara ta gina sai ta kasa shaida ta sosai.

Akwai kuma sauyi na farat ɗaya. Idan nau'i biyu suka haɗu a jiki guda, na alade alal misali, sukan yi musayar sassan nan, sabon nau'i ya ɓullo. Haka annobar 1957 da ta 1968 da ta 2009 suka samo asali. Shi ya sa ake sa ido kan murar tsuntsaye ta H5N1, wadda a Afirka aka fara tabbatar da ita cikin kaji a jihar Kaduna a 2006. Sauyi ɗaya tak a sinadarinta na kwafi mai suna PB2 na sauƙaƙa mata hayayyafa a hancin ɗan Adam, wanda bai kai hanjin tsuntsu ɗumi ba.

Tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ke tattara samfura daga ɗakunan gwaji na ƙasashe. A Fabrairu takan zaɓi nau'o'in da za a sanya a rigakafin arewacin duniya, a Satumba kuma na kudanci. Tun da haɗa shi kan ɗauki kusan wata 6, zaɓin kintace ne, kuma yakan kuskure: a hunturun 2014 zuwa 2015 nau'in H3N2 ya sauya har rigakafin ya yi rauni ƙwarai a Amurka.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ƙwayar na iya sauyawa a cikin masana'antar kanta. Akasarin rigakafin a ƙwan kaji ake renon ƙwayarsa, ita kuwa sai ta daidaita kanta da ƙwan. A kakar 2016 zuwa 2017, H3N2 da aka rena a ƙwai ta rasa wani ɗigon sukari da ke manne da hemagulutinin, alhali waɗanda ke yawo cikin jama'a na ɗauke da shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa wasu kamfanoni ke haɗa rigakafin ba da ƙwai ba, masu bincike kuma suka karkata ga gindin hemagulutinin, sashen da ba ya saurin sauyawa kamar kansa.