Fuskokin Jiya a Bangon Zaure: Adana Hotunan Magabata a Arewacin Zazzau

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Shekaru aru-aru tarihin ƙasar Zazzau a bakin maroƙa da alƙalamin malamai yake, mutane suna jin labarin sarki ba tare da sun san kamanninsa ba. Zuwan hoto ya sauya wannan, har aka wayi gari a Saulawa da sauran garuruwan Ikara da Makarfi da Kudan da wuya a shiga zaure ko shagon tela ba a tarar da fuskar wani jagora a bango ba. Wannan tarin taska ce ta tarihi, sai dai darajarta tana rataye ne da sanin asalin kowane hoto.

A ƙasashen Turai tara irin waɗannan hotuna ya daɗe da zama sana'a. Tun ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin taba na Ingila, irin su Wills da Player's, suke saka ƙananan katuna a cikin kwalin sigari, masu ɗauke da fuskokin sarakuna da jarumawan yaƙi. Ƙarancin takarda a Yaƙin Duniya na Biyu ne ya durƙusar da al'adar wajen 1940. A daidai wannan zamani katunan gidan waya suka yawaita. Wani Bafaranshe mazaunin Dakar, Edmond Fortier, ya buga dubbansu da hotunan Afirka ta Yamma a farkon ƙarni na 20.

Ƙasar Hausa kuwa tare da mamaya kyamara ta bazu a cikinta. Turawa sun tuɓe Sarkin Zazzau Muhammadu Kwasau suka kai shi Lokoja, suka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903, shi ma suka cire shi a 1920, ya rasu a can Lokoja a 1924. Mafi yawan hotunan wannan zamani jami'an mulkin mallaka da 'yan mishan ne suka ɗauka, su suka zaɓi wanda za a ɗauka da bayanin da za a rubuta a ƙasa. Saboda haka mai nazarin irin wannan hoto sai ya tambayi manufar mai kyamarar kafin ya gaskata abin da idonsa ya gani.

Daga baya hoto ya sauko hannun talaka. Layin dogo da ya isa Kano a 1911 ya ratsa ta Likoro da Gimi, ya haɗa wannan yanki da Zariya. A Zariyar aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta, masu karatu suka riƙa yanke hotunan shugabanni suna liƙawa a ɗaki. Sai kalanda ta biyo baya, wadda 'yan koli ke bazawa a kasuwannin mako. Wata tana jero sarakunan Zazzau, daga Ja'afaru Ɗan Isiyaku zuwa Muhammadu Aminu da Shehu Idris, wanda ya yi sarauta daga 1975 zuwa 2020. Wata tana ɗauke da Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wata Malam Aminu Kano, wata kuma Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha. Shekara takan ƙare, amma ba a sauke kalandar, domin ba don kwanan wata aka saye ta ba. Fuskar da ke bangon mutum ita ke gaya wa baƙo jam'iyyarsa ko ɗariƙarsa tun bai buɗe baki ba.

Sai dai ba duk fuskar da ke bango ce hoto ba. An bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa a 1839. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, Malam Musa, sarkin Zazzau na farko bayan jihadi, ya rasu a 1821. Duk abin da aka nuna da sunan hotonsu, ko dai zanen mai zane ne, ko kuwa fuskar wani bawan Allah ce aka laƙaba wa sunansu. Haka siffar Sarauniya Amina da ta fito a kan sarki na gidan waya a 1975: hasashen mai fasaha ce, kuma tana da daraja a matsayinta na zane. Yau da waya ke yaɗa hoto cikin ƙiftawar ido, sunan ƙarya yakan riga na gaskiya isa gari.

Barazana ta biyu ita ce lalacewa. Gara da danshin damina da ƙurar hunturu suna cin takarda. Mafi muni shi ne mutuwar dattijon da ya san waɗanda ke cikin hoto. Da zarar ya kwanta dama, hoton hawan sallar wani hakimi sai ya koma taron baƙin fuskoki masu rawani. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a gidan Sardauna, da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa suna adana abin da ya shafi manya. Amma hoton dagaci da limami da malamin firamare na farko a ƙauye, a cikin adakar iyalansu kawai yake.

Malamanmu na da ba sa karɓar labari sai sun san daga bakin wa ya fito. Wannan ƙa'ida ce ta kamaci mai tara hotuna. Ya rubuta a bayan kowane hoto sunan mai shi da wuri da shekara da wanda ya ba da bayanin, ya raba zane da hoto, ya ɗauki kwafi ya ba makaranta ko fadar hakimi. Tun ran gini tun ran zane, kuma dattawan da za a tambaya suna raguwa kowace shekara.