Yadda Dokar Ingila ta Koyi Magana da Ingilishi

Wanda ya buɗe kundin dokokin Ingila a yau zai ɗauka tun fil azal da Ingilishi ake rubuta su, alhali kuwa harshen nan baƙo ne da ya daɗe a bakin zaure kafin a yi masa iso. Bayan da Wiliyam, mai mulkin Normandi, ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na manya, Latin kuma ya riƙe takardu. Da Latin aka rubuta Magna Carta a 1215, da Faransanci aka rubuta Dokar Westminster ta farko a 1275. Talaka yakan tsaya gaban alƙali ana yanke hukunci a kan gonarsa, ko ma a kan wuyansa, da harshen da bai taɓa ji a gidan ubansa ba.

A 1362, zamanin Sarki Edward na Uku, majalisa ta yi dokar da ta ce a riƙa gabatar da ƙara da kare kai da Ingilishi, domin mutane ba su fahimtar abin da ake faɗa a madadinsu ko a kansu. Abin dariya, ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta, kuma ta bar rijistar kotu a hannun Latin. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 15 dokokin majalisa suka koma Ingilishi. Lauyoyi kuwa suka ci gaba da wani gurɓataccen Faransanci nasu wanda ko mutumin Faransa ba zai gane ba. An hana shi a 1650 lokacin da ƙasar ba ta da sarki, ya dawo da dawowar sarauta a 1660, bai bar kotu ba sai da dokar 1731 ta fara aiki a 1733. Duk da haka saurarsa na nan: har yau idan za a sanar da majalisa a bikin gargajiya cewa sarki ya amince da doka, da tsohon Faransancin Normandi ake faɗa, “Le Roy le veult”, wato sarki ya so haka.

Wannan doguwar zama tare ita ta bar wa harshen doka kalmomi masu asali daban-daban. “Statute” da “repeal” da “void” ta hanyar Faransanci suka shigo, “shall” da “deem” kuwa 'yan gida ne. Daga nan ne kuma wasu tagwayen kalmomi suka samo tushe, irin su “will and testament”, inda ɗaya ta gida ce, ɗaya baƙuwa, ma'anarsu kuma kusan guda: wasiyya. Ba dukkan tagwayen ba ne aka haifa ta wannan hanya, domin “null and void” duka biyun baƙi ne. Wani lokaci tsoron barin kafa ne kawai yake sa lauya ya ɗaure akuya da igiya biyu. Mai fassara zuwa Hausa ba ya bukatar bin sa a wannan tsoro. Kalma guda, “ɓatacce”, ta wadatar.

Sai dai abin da ya fi nauyi a tarihin nan ba asalin kalmomi ba ne, tambayar da kowace doka take fuskanta ce: daga yaushe take kama mutum? Kafin 1793, ƙa'idar ita ce duk dokar da ba ta ambaci ranar fara aikinta ba, ana ƙidaya ta daga ranar farko ta zaman majalisar da ya zartar da ita. Zama kuwa yakan ɗauki watanni. Ke nan mutum yana iya ƙulla ciniki halal a watan Janairu, a yi doka a watan Mayu, a wayi gari cinikinsa ya ɓaci tun ranar da ya ƙulla shi, saboda dokar da ba a haifa ba tukuna. Zalunci ne sanye da rigar hikima, kuma majalisar da kanta ta amsa haka. Dokar 1793 ta umarci magatakardan majalisa ya riƙa rubuta ranar amincewar sarki a jikin kowace doka, ita ce ranar fara aiki matuƙar dokar ba ta sa wata ba. Tun daga nan mai karatu ya wajaba ya rarrabe abu biyu da ɗalibai kan cakuɗa: zartar da doka daban, fara aikinta daban. Akwai dokokin da aka zartar suka yi shekaru suna jiran ranar da minista zai sa musu.

Mutuwar doka ma ta sha irin wannan gyara. A tsohuwar ƙa'ida, idan doka ta biyu ta soke ta farko, sa'an nan ta uku ta soke ta biyu, sai ta farkon ta tashi daga kabari. Wanda ya karanta babin nasikhi da mansukhi zai gane nauyin matsalar ba tare da dogon bayani ba. Dokar fassara ta 1850, wadda ake jingina wa Lord Brougham, ta rufe wannan ƙofa: abin da aka soke ba ya dawowa sai an kira shi da baki. Ta 1889 ta ƙara cewa sokewa ba ta share haƙƙin da mutum ya riga ya samu, ko laifin da ya riga ya aikata, lokacin da dokar take raye.

Dokar 1850 ɗin ce kuma ta ce kalmar namiji ta haɗa da mace, tilo ya haɗa da jam'i, sai fa in an bayyana akasin haka. Mata suka riƙe wannan magana. Da dokar zaɓe ta 1867 ta ba kowane “man” mai wasu sharuɗɗa ƙuri'a, dubban mata a Manchester suka nemi a sa sunayensu a rijista. Kotu ta ƙi a 1868, a shari'ar Chorlton da Lings, tana cewa mata ba su da ikon zaɓe a dokance tun asali, kuma majalisa ba za ta yi irin wannan babban sauyi a ɓoye cikin kalma guda ba. A nan aka ga iyakar ƙamus a gaban alƙali.

“Shall” ma ta jawo rigima mai tsawo. A bakin jama'a tana nuna abin da zai faru, a bakin doka tana ɗora wajibi, wani lokaci kuma ba ta yin ko ɗaya. Ofishin masu tsara dokokin majalisa, wanda aka kafa a 1869 ƙarƙashin Henry Thring, ya kai ga barin ta kusan gaba ɗaya a zamaninmu, ya koma “must”. Hausa tana da “dole” da “zai” a rarrabe, don haka mai fassara ne zai yanke hukuncin da marubucin Ingilishi ya kauce wa.

Wannan salo bai tsaya a Landan ba. Mulkin mallaka ya sa wa ƙasashe ranar da suka gaji dokokin Ingila masu aiki a kan kowa: 24 ga Yuli 1874 ga ƙasar da ta zama Gana, 1 ga Janairu 1900 ga Najeriya. Nijar ta gaji tsarin Faransa, don haka ɗalibin Maraɗi da na Katsina suna haɗuwa da kalmomi masu kaka ɗaya ta ƙofofi biyu. Gadon ya zo da wani abin mamaki: sokewar da Ingila ta yi daga baya ba ta ƙetare teku. Dokar sayar da kaya ta 1893, wadda Ingila ta maye gurbinta a 1979, Gana ta riga ta musanya ta da tata a 1962, amma a jihohin Najeriya da ba su yi tasu ba lauyoyi sun ci gaba da kafa hujja da ita bayan ta mutu a gidansu.