Dillalan Bayanai da Dokokin Kare Sirri a Jihohin Amurka

Dillalan bayanai kamfanoni ne da ke tattara bayanan mutanen da ba su da wata hulɗa da su kai tsaye, sannan su sayar wa wasu. Bayanan sun haɗa da suna, adireshi, lambar waya, irin sayayyar da mutum ke yi da wuraren da wayarsa ta nuna ya ziyarta. Masu talla, kamfanonin inshora da masu yaƙin neman zaɓe na cikin manyan masu saye.

Amurka ba ta da doka guda ta tarayya da ta game kare sirrin jama'a baki ɗaya, shi ya sa jihohi suka ɗauki nauyin a kansu. Jihar Vermont ce ta fara, inda a 2018 ta wajabta wa dillalan yin rajista duk shekara. Kalifoniya ta bi sahu a 2019, sai Texas da Oregon a 2023.

Kalifoniya ce ta fi tsaurara matakai. A watan Oktoban 2023, Gwamna Gavin Newsom ya rattaba hannu kan dokar goge bayanai, wadda ta ɗora wa hukumar kare sirri ta jihar, CPPA, alhakin kafa dandali guda a intanet. Ta nan mazaunin jihar zai nemi dukkan dillalan da suka yi rajista su goge bayanansa da buƙata ɗaya, maimakon bin su ɗaya bayan ɗaya. Dokar ta tanadi cewa daga 1 ga Agusta, 2026, dole kowane dillali ya riƙa duba dandalin aƙalla sau ɗaya cikin kwana 45. Wanda ya ƙi yin rajista zai biya tarar dala 200 a kowace rana, kuma daga 2028 masu bincike masu zaman kansu za su riƙa tantance su duk shekara uku.

A matakin tarayya, hukumar kula da harkokin kasuwanci, FTC, ta maka kamfanin Kochava a kotu a 2022, bisa zargin sayar da bayanan da ke iya fallasa masu zuwa asibitoci da wuraren ibada. A watan Janairun 2024 kuma ta sanar da haramta wa X-Mode Social sayar da irin waɗannan bayanai.

Tunda kowace jiha da nata sharuɗɗa, kamfanin da ke aiki a faɗin ƙasar sai ya cika na kowacce daban.