Tarihin Binciken Haihuwar Kunkurun Teku

Kunkurun teku iri bakwai ne a duniya, kuma dukansu a cikin ruwa suke ƙare rayuwarsu. Galibi mace ce ke fitowa tudu, ita ma yawanci sai lokacin ƙwai ya yi. Takan jawo jiki da dare zuwa kan rairayi, ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai wajen ɗari, ta binne, ta koma ruwa. Bayan kamar mako biyu ta sake fitowa ta yi wani zubin, har sau uku ko fiye a kaka guda, sa'an nan ta ɓace shekara biyu ko uku. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce: yaushe ne maniyyin namiji yake haɗuwa da waɗannan ƙwayaye masu yawa? An shafe fiye da shekara hamsin kafin a sami amsa mai gamsarwa.

Ajiyar maniyyi a jikin mace sananniyar aba ce ga mai kiwon kaji. Idan zakara ya taka kaza sau ɗaya, takan yi kamar mako biyu tana saka ƙwan da zai ƙyanƙyashe. Amma abin da aka gani ga dangin kunkuru ya wuce wannan nesa. A shekarar 1922 wani ma'aikacin hukumar kifi ta Amurka, R. L. Barney, ya ba da rahoto a kan wata irin kififiya da ake kiwo a garin Beaufort na Jihar Karolina ta Arewa. An raba matan da mazan, amma suka ci gaba da yin ƙwai mai ƙyanƙyashewa har shekara huɗu, ko da yake baragurbi ya yi ta ƙaruwa a kai a kai.

Wannan labari ya yi tasiri a kan waɗanda suka fara nazarin kunkurun teku. Babbansu shi ne Archie Carr na Jami'ar Florida, wanda tun wajen 1955 ya shiga maƙala wa matan kunkuru lambar ƙarfe a gaɓar Tortuguero ta ƙasar Kosta Rika, domin a gane su in sun dawo. Carr ya lura ana yin barbara a cikin ruwa dab da bakin gaɓa, a daidai kakar da mata ke fitowa zuba ƙwai. Ƙwan da ya riga ya yi ɓawo kuwa, maniyyi ba shi da hanyar shiga cikinsa. Saboda haka shi da wasu masana na zamaninsa suka yi zaton barbarar bana ta ƙwan da za a yi bayan shekara biyu ko uku ce, watau mace takan tafi da maniyyin a ajiye har ta dawo. Zato ne mai ma'ana, sai dai babu yadda za a gwada shi a buɗaɗɗen teku.

Gani ya kori ji, in ji masu iya magana. A 1968 aka buɗe gidan kiwon kunkuru a tsibirin Kayman Babba, a cikin tekun Karebiyan, kuma a 1973 kunkurun da ke tsare suka yi barbara suka zuba ƙwai a can. A tafkin kiwo ana iya sanin kowace mace, a rubuta ranar barbararta da ranar ƙwanta. Sakamakon da aka buga a 1980 ya nuna cewa tsakanin barbara da zubin farko kamar wata guda ne. Ashe maniyyin bana na ƙwan bana ne. Matan da ake gani tare da maza a bakin gaɓa, yawancinsu ba su fara zubi ba tukuna.

Saura sanin inda ake ajiyar. A 1989 Daniel Gist da abokin aikinsa Jones suka duba bututun ƙwai na kunkuru iri-iri da madubin ƙara girma. Suka tarar da maniyyi a kwance cikin wasu ƙananan aljihuna, a sashen bututun da ke samar da farin ƙwai. Wurin kuwa yana gaban sashen da ke yin ɓawo, don haka duk ƙwan da ya gangaro zai gamu da maniyyin tun bai rufu ba.

Mataki na ƙarshe ya zo ne da gwajin ƙwayoyin gado, wanda ke bayyana uban kowane ɗan kunkuru ko da ba a taɓa ganin uban ba. A 1988 aka nuna a Ostireliya cewa gurbi guda na iya ƙunsar 'ya'yan uba fiye da ɗaya. A 2013 kuma masana daga Jami'ar East Anglia ta Ingila suka buga bincikensu a kan kunkurun tsibirin Cousine na ƙasar Sishel. Yawancin matan namiji ɗaya suka sadu da shi a farkon kaka, suka riƙe maniyyinsa har kwana 75, da shi suka wadatar da dukan zubin da suka yi.

Muhimmancin wannan ilimi ya fito fili ne ta wata hanya dabam. A 1966, a Jami'ar Dakar ta Senegal, Madeleine Charnier ta gano cewa zafin wurin da ƙwan ƙadangare ya kwanta shi ke sa ɗan ya fito namiji ko mace. Ƙadangaren nan mai jan kai da ke kan katangun gidajenmu ne ta yi nazari a kansa. Zuwa wajen 1980 aka tabbatar haka abin yake ga kunkurun teku: in zafin rairayi ya haura digiri 29, mata sukan rinjayi maza. Da ɗumamar duniya rairayin gaɓa ya ƙara zafi. Wani bincike na 2018 a arewacin Ostireliya ya sami fiye da kashi 99 cikin ɗari na matasan kunkurun da aka ƙyanƙyashe a can mata ne.

A nan ne ajiyar maniyyi ta zama abin dogaro. Tun da haɗuwa ɗaya ta ishi mace kaka sukutum, kuma namiji yakan dawo wurin barbara fiye da yadda mace ke dawowa, maza kaɗan na iya wadatar da mata masu yawa. Amma abin yana da iyaka, domin abin da aka samu ne ake ajiyewa. Macen da ba ta gamu da namiji ko ɗaya ba, baragurbi za ta binne. Shi ya sa masu kare kunkuru suka daina tsayawa ga ƙidayar ramukan ƙwai kawai. A wasu gaɓoɓi suna yi wa gurbi inuwa ko su yayyafa masa ruwa don rairayin ya yi sanyi a sami maza, suna kuma gwada ƙwayoyin gadon 'ya'yan domin su san yawan ubannin da suka rage a cikin teku.