Tiya Biyu Da Kaka: Tarihin Asusun Ɗalibanmu

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, kuɗin auduga ne ke riƙe da gidaje daga Funtuwa har Malumfashi. Da masaƙun Kaduna suka soma rufewa a farkon shekarun 2000, kasuwar auduga ta faɗi, aljihun masu gida ya bushe.

A nan muka gane cewa samun gurbi a Makarantar Ungozoma ta Malumfashi somin taɓi ne. Yarinya da safe tana aji, wani makon ta kwana a ɗakin haihuwa, to yaushe za ta soya awara ta sayar? Ga sabulu, ga farin yunifom, ga kuɗin mota, ga ciki. Da idonmu muka ga wata ta kwaso kaya ta dawo a shekara ta biyu, jarrabawa duk ta ci, garin tuwo ne ya ƙare mata.

Shi ne muka sake wa adashinmu fasali. Da kaka kowace ta zuba tiya biyu ta masara ko waken suya, mu ɓoye sai damina, farashi ya hau mu sayar, mu riƙa aika wa ɗalibanmu wata-wata.

Yau da yawa cikin jikokinmu yaran nan ne suka karɓi haihuwarsu. Iyaye mata, kaka ta ƙarato, a tanadi tiya.